Ciwon haƙori ya ɗauke, ƙurji ya fito, ga ciki wata biyar

Anti, barka da aiki. Ina ɗauke da cikin wata biyar, na biyu ke nan. Tun kafin in samu cikin akwai kogo a turmin haƙorina na ƙasa, ɓangaren hagu. In na sha ruwan sanyi sai ya tsira min kamar allura, can kuma ya daina. Da cikin ya shiga wata uku sai abin ya koma ciwo na gaske, dare ba barci, har kunne da rabin kai. Na sha ibufurofen, na kuma sha kafson kashe ƙwayoyin cuta da wata maƙwabciya ta ba ni. Mako biyu da suka wuce ciwon ya ɗauke ɗif. Ina cikin murna sai ga ɗan ƙurji a dasashi, ya fashe ya fitar da ruwa mai ɗaci da wari, ya motse, kwana biyu ya dawo. Likitan haƙori ya ce jijiyar ta mutu, ko dai a wanke saiwar a cike, ko a cire, kuma sai an ɗauki hoto. Uwar mijina ta ce ba a taɓa haƙorin mai ciki, allurar tana zubar da ciki, cire haƙori kuma yana rage gani. Ta ce dama kowane ciki da haƙorinsa, ɗan ne ke shanye ƙarfin. Maigida ya ce tunda ya daina ciwo in haƙura sai na haihu. Ina ganin girmansu, amma hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Ki koma wurin likitan nan a cikin makon nan, kada ki jira haihuwa. Hankalinki da ya ƙi kwanciya yana da gaskiya, kuma wannan ɗaukewar ciwo da ta sa maigida ya ce a haƙura, ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarki.

Bari mu bi labarinki daki-daki, don kin ba da shi a jere kamar mai karanta littafin likita. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje mai sheƙi, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma ba shi da jijiya, shi ya sa kogo ke fara cinsa mutum bai sani ba. Ƙarƙashinsa akwai wani ɓangare mai ɗan rawaya, cike da hanyoyi sirara da ido ba ya gani, waɗanda ke kai saƙon sanyi da zafi zuwa ciki. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki, mu kira shi ɓargon haƙori, inda jijiyar ji da jijiyoyin jini suke, suna bin saiwa su fita ta wata 'yar ƙofa a ƙarshenta su shiga ƙashin muƙamuƙi. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da ruwa mai tsami, tsamin nan shi ke narkar da ɓawon a hankali.

Lokacin da ruwan sanyi ke tsira miki ya daina, kogon ya wuce ɓawo amma ɓargon yana da sauran lafiya. Da a lokacin aka kankare ruɓar aka yi ciko, da magana ta ƙare a zama ɗaya. Ban faɗa don in sa ki nadama ba, na faɗa ne saboda sauran haƙoranki. Daga nan ƙwayoyin suka isa ɓargon, ya kumbura. Ko'ina a jiki in ya kumbura yana da wurin buɗawa, ban da cikin haƙori, ɗaki ne mai bangon dutse. Kumburin sai ya matse jijiya, shi ne zogin nan mai bugawa kamar zuciya, wanda ke ƙaruwa in kin kwanta saboda jini ya ƙara taruwa a kai. Matsin nan dai shi ya shaƙe hanyoyin jini, ɓargon ya mutu. Matacciyar jijiya ba ta kai ƙara. Abin da ya yi shiru mai ba da labari ne, ruɓar kuwa tana nan, ta ma samu ɗaki babu mai tsaro.

Daga cikin ɗakin sai ta bi saiwa ta fita ta 'yar ƙofar nan, ta tara mugunya a cikin ƙashi. Mugunyar ta nemi mafita, ta huda ƙashi da dasashi, ta ɓullo a matsayin ƙurjin da kike gani. Wato ƙurjin nan bakin magudana ne. Muddin yana zubarwa ba za ki ji zafi sosai ba, wutar ƙaiƙayi ce mai ci ta ƙasa. Ranar da magudanar ta toshe, mugunyar za ta nemi wata hanya, kuma babu mai zaɓa mata.

A nan zan ɗan tsaya, don turmin ƙasa ne. Saiwoyin turamen ƙasa na can baya suna kusa da ƙasan harshe da wuya. In ruɓa ta bi ta nan, ƙasan baki yana kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago sama ya koma baya, numfashi ya fara wuya. Wani likita Bajamushe, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo a 1836, har yau da sunansa ake kiransa a asibiti, kuma yawancin masu kamuwa da shi daga ruɓaɓɓen turmin ƙasa abin ke faro musu. Ba kowane ƙurji ke kaiwa nan ba, akasari ma ba ya kaiwa. Sai dai mai ciki garkuwar jikinta tana sauyawa, kuma wata huɗu zuwa biyar na jira lokaci ne mai tsawo ga abin da ke iya juyewa a dare ɗaya. Don haka ki riƙe waɗannan alamomi, ki kuma karanta wa maigida su: kumburin kunci ko ƙasan haɓa da ke ƙaruwa, zazzaɓi da rawar sanyi, baki ya ƙi buɗuwa sosai, haɗiyar yawu ta yi wuya, murya ta sauya, numfashi ya yi nauyi. In ɗaya daga ciki ya zo, ko ƙarfe biyun dare ne, sashen gaggawa na asibiti za a nufa, ba a jiran gari ya waye.

Kafson maƙwabciya kuma, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Duk maganin da kika haɗiya jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ake buƙata, cikin mataccen haƙori kuwa jini ya daina shiga. Maganin zai rage ƙwayoyin da suka fito gefen saiwa, kumburi ya ɗan sauka, amma masu zaune a cikin ɗakin ko gezau. Da an gama shan kwalin sai su sake fitowa. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, a ƙa'idar da ta fitar a 2019, ta ce mafi yawan ciwon haƙori da ƙurjinsa aiki ake yi musu da hannu, maganin kashe ƙwayoyin cuta sai in ruɓar ta fara yaɗuwa, kamar a ga zazzaɓi da kasala. Ga mai ciki akwai ƙarin dalili. Amoksisilin ana ba masu ciki in buƙata ta kama. Tetarasaikilin da danginsa kuwa ba a ba su, don suna shiga haƙoran ɗan da ke ciki su rina su, haƙoran nan kuma sun fara yin tauri tun wajen wata na huɗu. Kafso duk kama suke yi da juna. In kwalin yana nan, ki tafi da shi wurin likita ya ga sunan.

Ibufurofen ma ki ajiye shi daga yau. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki da su guji shi da ire-irensa daga mako na 20, saboda yana iya taɓa ƙodar ɗan tayi ruwan mahaifa ya ragu, a watannin ƙarshe kuma yana iya rufe wata jijiya kusa da zuciyar jariri kafin lokacinta. Ke yanzu kina daidai wannan gaɓa. Wanda kika sha a baya kada ya hana ki barci, ki dai faɗa a wurin awo, nawa kika sha kuma yaushe. In zafi ya taso, farasitamol ne naki, gwargwadon yadda aka rubuta miki. Kada kuma ki danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi kamar yadda wasu ke yi, ƙona naman wurin take yi ya yi fari fat, haƙorin kuma ba ta kai gare shi.

Yanzu maganar Mama. Ba na so ki ɗauke ta a matsayin mai hana ki lafiya. Jikanta take karewa da abin da ta taso ta ji, kuma tsoron taɓa mai ciki tsoho ne, har a cikin likitoci an daɗe ana samun masu cewa a dawo bayan haihuwa. Amma an bincika, an kuma samu amsa. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta rubuta a 2013 cewa hoton haƙori da allurar kashe zafi ba su da haɗari ga mai ciki, kuma aikin da ba ya jira, irin su cire haƙori da wankin saiwa da cike kogo, ana iya yinsa a kowane wata na ciki, jinkirta shi ne ke jawo matsala mafi girma. Ki lura masu wannan magana likitocin mata masu ciki ne, waɗanda ɗan tayin ne abin damuwarsu na farko.

Allurar da za a yi miki ba ta sa barci ba ce. Ɗan ruwa ne ake zubawa kusa da jijiyar muƙamuƙi, leɓe da rabin harshe su yi nauyi na awa biyu ko uku, kina farke kina jin duk abin da ake faɗa. Maganin da aka fi amfani da shi, lidoken, tun 1943 aka haɗa shi a Suwidin, an kuma yi wa mata masu ciki da ba su ƙirguwa. Abu ɗaya da zan gaya miki don kada ya firgita ki: ana haɗa shi da ɗan sinadarin da ke tsuke jijiyoyin jini don ya daɗe a wurin, wani lokaci yakan sa zuciya ta ɗan yi sauri na minti ɗaya ko biyu, sai ya wuce. Hoton kuwa na haƙori ɗaya ne, hasken a muƙamuƙi ake saita shi, nesa da mara, kuma abin da jiki ke ɗauka daga gare shi bai wuce wanda kowa ke ɗauka daga ƙasa da sararin sama a wuni guda ba. Likita ba zai iya aikin saiwa a makance ba. Sai ya ga saiwa nawa ce, ina ta lanƙwasa, ƙashi nawa ruɓar ta ci.

Batun gani kuma, jijiyar da ke kai gani ga ƙwaƙwalwa daban, wadda ke kawo ji ga haƙora daban, kowace da hanyarta tun daga cikin kai. Naki ma na ƙasa ne, tsakaninsa da ido akwai tafiya. Ina zargin abin da ya haifi wannan magana shi ne shekaru: lokacin da mutum ke fara rasa haƙora, wajen arba'in zuwa sama, shi ne lokacin da karatun ƙananan rubutu ke fara gagararsa, sai a ɗora wa mai cire haƙori laifin tsufa. In ma akwai haƙorin da ke barazana ga ido, ruɓaɓɓen haƙorin sama ne da aka ƙi cirewa har kumburinsa ya haura.

Kowane ciki da haƙorinsa, wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, sai dai an ɗora laifin a inda ba nan ba. Ɗan tayi yana samun sinadarin gina ƙashi daga abin da uwa ta ci, in bai isa ba a ɗebo daga ƙasusuwanta. Haƙori da ya gama ginuwa ba a komawa a ɗebi komai a cikinsa. Abin da ke faruwa shi ne laulayi. Amai yana wanke haƙora da tsamin ciki, kwaɗayi yana sa a yi ta ɗan taɓa kayan zaƙi wuni guda, buroshi yana tayar da zuciya sai a rage goge baki, sinadaran ciki kuma suna sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini da an taɓa shi. Ki haɗa wannan da barin zuwa wurin likita na wata tara, sannan wata nawa na jego da shayarwa, ga haƙorin da ake cewa ciki ya cinye. Naki ma kin ce kogon ya riga cikin zuwa.

Watan da kike ciki shi ne mafi daɗin wannan aiki. Laulayi ya lafa, cikin bai yi nauyin da zai hana ki kishingiɗa a kujerar likita ba. Nan da wata biyu kwanciya rigingine za ta fara sa ki jiri, don mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ko yanzu in kin ji haka ki ɗaga hannu, a sa miki ɗan matashi ƙarƙashin ƙugun dama ki karkata hagu. Bayan haihuwa kuma, ke da kika taɓa yi kin san yadda lokaci ke zama. Akwai ma ribar da ɗan zai samu, don ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori jariri ba ya zuwa duniya da su, yawanci daga yawun mai rainonsa yake ɗauka, ta cokali ko sumba. Bakin uwa mai tsabta gata ne gare shi.

Saura zaɓi tsakanin wanki da cirewa. Duka biyun suna kawar da tushen ruɓar, kuma duka biyun sun fi jira nesa ba kusa ba. A wankin saiwa, bayan allura, likita yana shimfiɗa wata 'yar roba ya ware haƙorin daga yawu, ya huda ta sama, ya shiga da wasu siraran ƙarafa kamar allura ya kwashe mataccen ɓargon. Turmin ƙasa yakan zo da saiwa biyu da hanyoyi uku ko huɗu, kowace sai an bi ta an wanke da ruwan magani. Sau da yawa in akwai ƙurji yakan sa magani a ciki ya rufe na wucin gadi, ki dawo bayan mako ɗaya ko biyu a cike hanyoyin da wani ƙaro da ake samu daga itatuwan yankin Malesiya. Ƙurjin ba a yi masa komai, da kansa yake bushewa cikin kwanaki in an toshe mafarinsa, ƙashin da ruɓa ta ci kuma ya ciko a hankali cikin watanni. Abin da mutane ke sakaci da shi shi ne hular da ake ɗora wa haƙorin daga baya. Turmin da aka raraƙe cikinsa yana da saurin tsagewa wajen tauna, in ya tsage har saiwa kuwa wahalar ta tashi a banza, sai cirewa. Ita hular tana iya jira har ki haihu in an yi ciko mai ƙarfi, ki dai guji tauna abu mai tauri ta wannan gefen, kuma kada jiran ya zama mantuwa.

Cirewa ta fi sauri da sauƙin kuɗi, zama ɗaya ne. Kuɗinta na gaske daga baya ake biya: maƙwabcin giɓin yana kwantowa cikinsa, na sama da ya rasa abokin karo yana zazzagowa, abinci ya samu sababbin wuraren maƙalewa, tauna ta koma gefe ɗaya. Ni dai in likita ya duba hoton ya ce bangon haƙorin yana da saura kuma bai tsage ba, kuma kuna da halin kai aikin ƙarshe har da hula, zan ce a wanke. Da ƙuruciyarki, turmi yana da aikin shekaru masu yawa a gabansa. In kuwa ruɓar ta ci har ƙasan dasashi, ko na can ƙurya ne wato haƙorin hankali, ko kin san zuwa na biyu da na uku zai gagara, a cire kawai, babu abin kunya a ciki. Wankin da aka fara aka watsar a tsakiya ya fi cirewa muni. Ki tambayi likitan kai tsaye: haƙorin nan zai riƙe hula? Zama nawa aikin zai ci? Amsarsa ce za ta raba gardama.

In cirewar aka yi, gudan jinin da zai taru a ramin shi ne murfin warkewa, ki kiyaye shi. Ki cije audugar da aka sa miki kamar rabin awa. Ranar farko ba kurkure baki, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar abu da tsinken shan lemo, ba abu mai zafi. Washegari ki fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In zafi mai tsanani ya taso a rana ta uku ko ta huɗu, da wari, gudan jinin ne ya fita ƙashi ya bayyana, ki koma a sa miki magani a ramin.

Game da mutanen gida, kada ki mayar da abin muhawara tsakaninki da Mama, ba za ki ci riba ba ko kin yi nasara. Maigida za ki fara samu, ku biyu, ki nuna masa ƙurjin da idonsa, don shi labarin ciwo ya ji, bai ga mugunya ba. Ki roƙe shi ya raka ki awo, ki yi tambayar a gabansa, ki nemi likita ko ungozoma su rubuta 'yar takarda zuwa ga likitan haƙori, da makonnin cikin da magungunan da kike sha da yanayin hawan jininki. Sannan shi ya je wa mahaifiyarsa da maganar, cewa masu duba cikin ne suka ce a yi saboda lafiyar jikanta. Daga bakin ɗanta za ta fi sauƙin shiga, ke kuma kin tsira da mutuncinki.

Kafin ranar, ki ci gaba da goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, har wajen ƙurjin a hankali, ko dasashi yana ɗan jini kada ki fasa. In kin gama ki tofar, kada ki bi da ruwa, ki bar man ya zauna a haƙora. In amai ya zo, ki kurkure da ruwa ki jira kamar rabin awa kafin buroshi, don tsamin ciki yana tausasa ɓawon, gogewa nan take kankare shi take yi. Ƙurjin kada ki matse shi, kada ki huda shi, kada ki gasa kuncin da ruwan zafi. Ranar aikin ki ci abinci kafin ki fita, kuma tunda za ki hau kujerar, ki ce a duba sauran haƙoran gaba ɗaya, musamman turmin dama, abokin wannan.